Jar Fata a Kan Wayar Fulogi

Ku matso kusa, samari, ku ja benci ku zauna, akwai abin da nake so ku ji. Rannan ina zaune a bakin rumfata wani daga cikinku ya ɗauki wayar fulogi yana kaɗa ta kamar bulala, yana cewa wai wannan ma har sana'a ce, ai zare tsohuwa ake yi a cusa sabuwa. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro. To yau ga amsarsa, kuma za ta ɗan yi tsawo, kun dai san halina.

Sunana Inuwa, amma a Agege in ka ce Inuwa sai a tambaye ka wanne. Ka ce Rewaya, ko ɗan yaye zai nuna maka rumfata, don sunan da ake kiran mu ke nan, mu masu aikin wutar mota, a nan Ikko. A unguwar nan aka haife ni, a nan na yi aure, kuma ni ba mai son yawo ba ne. Ojota ma, da ke nan cikin Ikko, in na je sai in ji kamar na yi hijira, ina ta Allah-Allah in dawo in sha kunun gidana.

Wajen wani Bayarabe na koyi aiki, Baba Rasaki, Allah ya jiƙansa. Mutumin nan ya daɗe bai bar ni na taɓa ko filaya ba. In an kawo mota sai ya sa in juya mata baya, a tayar, ya ce in faɗi abin da ke damunta. In na ce kafireto alhali fulogi ne, sai in ji sifana a ƙeya, ba da ƙarfi ba, daidai yadda zan tuna. Yakan ce ido kwaɗayayye ne, abu mai ƙyalli yake bi, amma kunne ba ya karɓar toshiya. A haka na gane cewa lafiyayyen inji kamar luguden mata ne a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka a kan lokacinta. In ɗaya ta makara, ko daga ƙetaren titi za ka ji. Ranar da ya yaye ni kayan da ya ba ni ba su cika leda ba: filaya mai dogon baki, wata filayar da maƙeri ya yi wa rami don matse kan waya, fitilar gwaji, reza, da guntun sabulu. Kada ku yi wa sabulun dariya, za ku ji aikinsa.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na wata mota ne da muke kira Bajimi. Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, otal-otal na Ikeja suka cika da 'yan siyasa, taro kan taro, kowa da babbar riga, kowa kuma da yunwarsa. Akwai wani abokina mahauci a Abbatuwa, Garba, muna ce masa Garba Tozo saboda ƙeyarsa. Allah ya haɗa shi da babban kukun wani otal, aka ce ya riƙa kawo nama kullum da safe. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa, nama ya iso kafin a hura wutar kicin. Garba kuwa ba shi da abin hawa sai wata tsohuwar akori-kura da injinta ya daɗe da mutuwa, kaji har ƙwai suke yi a cikinta.

Sai ya ɗauki Oga Lamidi, makaniken da rumfarsa ke jikin tawa, suka tafi kasuwar Ladipo neman inji. Maimakon su dawo da ɗan daidai, sai ga su da wani ƙato da aka ciro daga motar Amurka, mai fulogi takwas, huɗu ta nan huɗu ta can, faɗinsa kamar ƙirjin bajimin sa. Na ce wa Lamidi wannan ai raƙumi ya sayo zai sa a akurki. Ya ce in dai akwai mai walda a Agege, raƙumin zai shiga har ya miƙe ƙafa. Kuma ya shiga. Aka yanke nan, aka ƙara can, aka mai da batir bayan kujera, aka lanƙwasa bututun salansa ta hanyar da ba a taɓa bi da shi ba, aka kafa akwatin alminiyom a baya don nama da ƙanƙara.

Da aka gama duk wannan sai magana ta dawo kaina. Wayoyin da suka zo da injin duk sun tsattsage, sababbin da ake sayarwa a kwali kuwa an yanka su ne don injin yana cikin gidansa na asali. A nan kuwa sandar sitiyari ta tare inda waya za ta bi, bututun salansa ya taso ta gefe biyu yana jiran abin da zai gasa. Ba yadda za a yi sai in sayo waya a naɗe in haɗa da hannuna.

A nan ne zaɓe yake. Akwai mai zuciyar tagulla, ƙarfi gare ta, ba ta mutuwa da wuri, amma in ka sa ta rediyon mota sai ya dinga ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Garba kuwa gara ka hana shi karin kumallo da ka hana shi labaru, don lokacin kowa kunnensa na kan wa aka naɗa, wa aka tuɓe. Akwai kuma mai zuciyar baƙin zare, kamar an shafa masa gawayi. Ita ba ta faɗa da rediyo, amma 'yar lele ce, in ka finciko ta sai ta tsinke daga ciki, wajenta kuma lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Ita na zaɓa. Sai kuma a rabe ta gaske da jabu, don kasuwa ta cika da masu launi, ja da rawaya, masu ɗaukar ido. Ni dai ina naɗe ta a yatsa in ga ko za ta yi fari a gwiwar, in ɗan gatsa ta da haƙori, sannan in kanga mata ashana. Ta gaske ba ta ɗiga, toka fara take yi. Jabu kuwa nan take za ta narke tana warin ƙonannen silifa. Mai shagon ya ce bai taɓa ganin mai ciniki yana cin kaya kafin ya saya ba. Na ce yau ya gani.

Kowace waya da igiya na fara auna ta, daga hular distiributa, wato abin da ke raba wuta, zuwa fuloginta. Ba a ja ta ta yi tsam, don inji yana girgiza, zai fizge ta. Ba a kuma sake ta ta yi lilo, don za ta kwanta a kan salansa. Sai ka ɗauki reza ka zagaye robar a hankali, kana juya wayar ba rezar ba, har ta sule ba tare da ka taɓa zaren ciki ba. Ka lanƙwaso zaren baya ya kwanta a jikin roba, ka ɗora kan ƙarfe, ka matse da filayar nan mai rami. Sannan ka shafa sabulu, hular roba ta zame ta rufe. Ba sabulu, sai ka yi ta kokawa har ka tsinke abin da ka gama haɗawa. Bayan wannan kuma akwai jerin wuta. Kowane fulogi da lokacinsa, kuma akwai biyu da ke maƙwabtaka suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan in ka bar wayoyinsu suka kwanta jiki da jiki, ɗaya sai ta saci wutar ɗaya tun lokacinta bai yi ba. Don haka na yanko 'yan faifai daga tsohuwar jarka, na huda musu ramuka, na zura kowace waya a nata ramin, kowa da hanyarsa.

Ranar da aka tayar, ina ma kuna nan. Lamidi ya murɗa makulli, injin ya yi gyaran murya sau ɗaya, sannan ya saki wani ruri da ya sa awakin layinmu suka watse, mai sayar da amala ta ƙetare ta saki ludayi. Lamidi ya diro yana rawa da ƙazamin tsumma a hannu, Garba yana zagaya motar yana shafa ta yana cewa wannan ai bajimi ne. Ni kuwa na juya mata baya na rufe ido. Taɓarya takwas, kowace a kan lokacinta. Duk ranin nan Garba bai makara ba, har ya fara ƙiba a kan ƙibarsa.

Sai muguwar shekara ta shigo. Mai ya yi wuya, layin gidan mai har ya sha kwana, wanda ake samu a galan a bakin titi kuma rabinsa kananzir ne. Motoci suka dinga tari, masu su suna zuwa suna zaginmu wai aikinmu ne bai yi ba. Da yawa suka jingine motocin suka koma hawa okada, wato acaɓa. Mu kuwa muka zauna muna buga dara a rumfa, wata rana har la'asar ba wanda ya ce a duba masa ko fitila. Ana cikin haka damina ta sauka, irin ta Ikko, wadda ko ba a ruwa iska kanta a jiƙe take.

Wata safiya ina shan koko na ji Bajimi ya taho yana ɗingishi. Yana tafiya yana sarƙewa, can sai ya yi harbi ta salansa kamar bindiga. Na miƙe ina ɗaga hannu, Garba ya kau da kai ya wuce. Washegari ma haka. Na tambayi Lamidi, ya ce ai Garba gida yake kiransa, ya wanke kafireto har ya gaji, man ne ba kyau. Sannan ya fashe da dariya, ya ce in je in ga wayoyina, an ɗinka musu kayan sallah.

Na tafi gidan. Garba yana zaune ne a gida ɗaya da surukinsa, wani dattijo da kowa ke kira Baba Baduku, shi ke ɗinka wa mahautan Abbatuwa kuben wuƙa. Ashe murnar motar mijin 'yarsa ce ta sa tsohon ya ce shi ma sai ya sa hannu. Ya cire 'yan faifan jarkata, don a ganinsa shara ce, ya tattara wayoyi huɗu na kowane gefe ya ɗaure su dami guda, ya ɗinke su cikin jar fatar akuya mai zanen kore da baƙi, har da tuntaye. Makonni ya yi a kai. Kuma gaskiya ɗaya ce, tun da nake ban taɓa ganin inji ya yi kyau haka ba. Kullum da safe sai ya ɗaga bonet ya goge fatar, in ya yi baƙo ya jawo shi ya nuna masa.

Garba ya gaya mini yadda ake ciki. Motar ta mace masa a hanya har ya makara, ba sau ɗaya ba, kuma kuku ya ja masa kunne na ƙarshe, in ya ƙara, akwai wani mahaucin da ke jira a ƙofa. Na ce abu mai sauƙi, na zaro reza. Sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Rewaya, ka rufa mini asiri. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, shi zan ce wa aikin hannunka ya ɓata mini mota?"

Na ce to mu farke a ɓoye mu ce ɓera ne. Ya ce baduku ne fa, zai kasa rabe haƙorin ɓera da bakin reza? Lamidi, da ya biyo ni don kallo, ya ce a bar na fatar a matsayin ado, a bi da sababbi ta ƙasa. Na duba, ba wuri, kuma tsohon da ke leƙawa kullum zai ga bakin wayoyinsa na reto. Garba ya sunkuyar da kai ya ce in dai sai an ci fuskar tsohon nan, gara otal ɗin ya tafi, ya koma tallan tsire. Na dube shi na ga ba wasa yake ba.

Sai na mai da rezar aljihu. Na sayi goro fari manya, na tafi zauren Baba Baduku bayan azahar, na durƙusa na gaishe shi. Muka taɓa hirar tsadar fata da lalacewar zaren zamani. Sannan na ce akwai wata matsala a injin nan da ta fi ƙarfin idona, ina so su zo su duba mini, tunda ido na mai sana'a daban ne. Ya ji daɗi, ya gyara hula ya biyo ni.

Na aro tamfol wajen wani direban tumatir na kasuwar Mile 12, muka lulluɓe gaban motar da shi har ƙasa, ni da tsoho muka shige ciki. Duhu, zafi, ga warin ruɓaɓɓen tumatir. Garba kuwa tuni ya tsallaka titi ya tsaya wajen famfo kamar mai jiran wani. Na buga wa Lamidi jikin mota ya tayar. Na guntsi ruwa a baki na fesa a kan fatar, irin yadda mai guga ke yi wa shadda.

Jama'a, abin kallo. Wuta shuɗiya ta dinga tsalle a jikin jar fatar nan, ƙanana-ƙanana, tana ƙas-ƙas, tana gudu daga wannan waya zuwa waccan, wata ta faɗa jikin inji, wata ta haye tuntu ta sauko. Duk inda ta yi tsalle sai injin ya yi tuntuɓe. Ni da na saba gani ma sai da tsigar jikina ta tashi. Kafin in hana shi, tsoho ya kai yatsa. Ta fizge shi har gwiwar hannu, hularsa ta faɗo a kan ƙafata. Ya tsotsi yatsan, ya ƙara matsowa, ya ƙura ido yana bin wutar.

"Yaro, wannan layin da take bi, ba sawun basillata ba ne?"

Na ce, "Baba, fata tana shan raɓa, ita kuma wuta ruwa take bi. Kuma waɗannan wayoyin ba sa son kwana wuri ɗaya."

Ya ce a kashe. Muka fito muna gumi. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun saukar ruwa. Ya tambaya ko abin ya jawo wata asara. Ina neman yadda zan zagaye maganar, Lamidi ya leƙo ta taga da gurguwar Hausarsa ya zazzage komai, da makarar, da kuku, da mahaucin da ke jira a ƙofa. Na harare shi, ya ce shi ba surukinsa ba ne.

Na sa hannu a aljihu zan zaro reza, tsoho ya ɗaga mini yatsa, ya ce ɗinkin da ya yi ba mai farke shi sai shi. Ya zaro 'yar wuƙarsa daga kube. Kafin ya sunkuya, sai ya juya wajen famfo, bai dubi Garba ba, bai kuma kira sunansa ba, ya ɗaga murya daidai yadda za ta ƙetare titi.

"A gaya wa mai motar nan, ni 'yata na ba shi ya ciyar, ba fatar akuya ba."

Ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, bai yaga fatar ba ko kaɗan, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Da wayoyin suka fito, ga sawun basilla nan a jikin roba, ƙananan huji a jere, kowanne da ɗan baƙin ƙuna. Ba sa gyaruwa, sai sababbi. Na koma rumfa na ɗauko ragowar wayar, na zauna a ƙofar gidan na fara haɗawa. Tsoho ya jawo kujerarsa ya zauna yana kallo. Can ya ce rezata ba ta da kaifi, ko kaza ba za ta yanka ba. Ya karɓa ya wasa ta a guntun ƙirgi, ya ce in ba shi waya ɗaya ya gwada. Ya zagaye robar nan ya sule ta tsaf, zaren ciki ko gashi ɗaya bai tashi ba. Ragowar ma shi ya fere, ni ina matsewa ina shafa sabulu. Faifan jarka kuwa ya ce nawa karkatattu ne, ya yanka wasu da kansa, ya huda su daidai wa daida.

Washegari da asuba aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Garba ya buga mini ƙofa ya ce ƙafata ƙafarsa, in motar za ta mace, ta mace ina ciki. Ni da ba na son nisa da gida, ga ni a gaban akori-kura, nama a baya, muna fuskantar Ikeja. Titi ya zama kogi. Motocin haya na danfo nan da can sun mutu a tsakiyar ruwa, kwandastoci sun naɗe wando suna turawa, fasinja na zagi. Garba ya riƙe sitiyari yana ta salati. Muka iso wani kwari da ruwa ya kai rabin taya, ya dube ni, na ce taka totur kada ka saki. Bajimi ya kutsa, ruwa ya tashi ta gefe biyu kamar fukafukai, wani kwandasta ya ɗaga mana hannu yana ihu. Ni ban ga rabin abin da ake yi ba, don kunnena na kan inji. Ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ban san lokacin da na fara dukan gaban motar ina dariya ba, Garba yana cewa in bari kada in fasa masa rediyo.

Muka tsaya a ƙofar baya ta otal, hayaƙin kicin bai tashi ba tukuna. Kuku ya fito da lema, ya dubi agogonsa, ya dubi ruwan, ya dubi motar. Garba ya saɓa cinya a kafaɗa ya bi shi ciki. Da ya fito, jiƙe sharkaf, bakinsa har kunne, ya ce an ce gobe ya ƙaro hanta da ƙoda, don wanda ke kawo musu kayan ciki, ruwa ya tsare shi a hanya.

To kai da ka kaɗa wayar nan kamar bulala, a ce motar taka ce, abincin gidanka na cikinta, surukin kuma naka ne, da ya za ka yi, ka sa reza a ɓoye, ko ka nemo wanda zai shiga da tsohon ƙarƙashin tamfol?